Matuƙin jirgi da ƙyallen rigima: ya ja ko ya ƙi?

Ɗan Zariya a Florida: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni, musamman ga su Baba Kyaftin da malamanmu. A nan Amurka akwai sana'ar jan ƙyallen talla da ƙaramin jirgi, a bi bakin teku ko a zagaya wurin taro, mutane su ɗaga kai su karanta. Yawanci tallan inshora ne ko gidan abinci, wani lokaci saurayi ne ke neman auren budurwarsa daga sama. Mu sababbin matuƙa a nan muke tara awoyin tuƙi. Lasisin aiki a awa 250 ake samunsa, amma galibi kamfanonin jigilar fasinja ba sa ɗaukar mutum sai ya kai awa 1,500, tun dokar da ta fara aiki a 2013 bayan haɗarin jirgin Colgan kusa da Buffalo a 2009. To tsakanin nan ko ka koyar da ɗalibai, ko ka ɗauki masu dirowa da lema, ko ka ja ƙyalle. Idan aka kawo ƙyalle mai tutar 'yan Confederate (jihohin kudancin Amurka masu riƙe da bayi da suka ɓalle lokacin yaƙin basasa), ko alamar 'yan Nazi, ko rubutun da aka san zai ƙona ran jama'a, matuƙi ya karɓi aikin ko ya ƙi? Mun yi musu da abokan aikina har aka kusa ɓatawa. Wasu sun ce mu direbobi ne kawai, abin da ke bayan jirgi ba ruwanmu.

Ɗan Gunners: Wa alaikumus salam. Ni dai in ƙyallen rigima ake magana, mu 'yan Arsenal mun riga kowa. Ranar 18 ga Maris 2017 a filin West Brom jirage biyu suka tashi, ɗaya yana cewa Wenger ya tafi, ɗayan yana cewa mun amince da Wenger a girmama shi. Aka kuma lallasa mu 3 da 1. Matuƙan sun karɓi kuɗinsu sun koma gida sun yi barci, mu muka kwana da ciwon kai.

Baban Ikram, Manchester: Ɗan Gunners bar wasa, wannan maganar ta wuce ta koci. Na Moyes, kocin Man United a lokacin, ma an yi a Old Trafford a 2014, babu wanda ya rasa barci sai Moyes. Wanda ya dace da tambayar ƙanenmu shi ne na 22 ga Yuni 2020. Man City da Burnley a Etihad, lokacin korona, filin wayam babu 'yan kallo. 'Yan wasa sun durƙusa a kan gwiwa ɗaya saboda kisan George Floyd da aka yi a Minneapolis wata guda kafin nan, a bayan rigunansu maimakon suna an rubuta Black Lives Matter, wato ran baƙar fata ma rai ne. Ana fara wasa sai ga jirgi yana shawagi da ƙyalle, White Lives Matter Burnley, wato ran farar fata ma rai ne. Kyaftin ɗin Burnley, Ben Mee, bayan an ci su 5 da nema bai ma tsaya maganar ƙwallo ba, ya ce kunya ta kama shi. Kulob ɗin ya nemi afuwa a daren. 'Yan sandan Lancashire suka bincika suka ce babu laifin da doka ta san shi. Amma wanda ya shirya abin ya rasa aikinsa, kuma filin jirgin Blackpool inda jirgin ya tashi ya dakatar da jan ƙyalle gaba ɗaya. Ka ga aiki ɗaya ya rufe wa kowa ƙofa, har waɗanda ba su ji ba su gani ba.

Sarkin Musu: To ai ka faɗa da bakinka, 'yan sanda sun ce babu laifi. Meye na matuƙi a ciki? Shi ya rubuta? Shi ya biya? Kuma a duba kalmomin tsakani da Allah, akwai zagi a ciki? In aka ce kowane matuƙi sai ya zama alƙalin rubutu kafin ya tashi, an shiga uku.

Baban Ikram, Manchester: Malam Sarki, kalmomin ba su zagi kowa ba, lokacin ne ya yi zagin. Aikin nan da wuri da minti ake bayar da shi: ka kasance a saman fili kaza ƙarfe kaza. Duk wanda ke Ingila a makon nan ya san abin da 'yan wasa ke yi a wannan mintin. Ba sai an yi wa mutum tafsiri ba.

Kyaftin Mai Ritaya: Ɗana, sannu da ƙoƙari, Allah ya cika maka awoyinka lafiya. Ni a Zariya na koyi tuƙi, ban taɓa jan ƙyalle ba, amma na san aikin kuma ina girmama masu yinsa, don ya fi abin da muke yi a manyan jirage wuyar hannu. Bari in yi wa waɗanda ba su sani ba bayani, saboda amsar tana cikin yadda ake aikin.

Ba a tashi da ƙyallen a ɗaure. Ana shimfiɗa shi ne a ƙasa gefen titin jirgi, a rataya madaukin igiyarsa tsakanin sanduna biyu. Jirgin, galibi Piper Super Cub ko Pawnee, ya tashi shi kaɗai, matuƙi ya saki ƙugiya tana reto a baya, ya zagayo, ya sunkuyo ƙasa ƙasa ya nufi tsakanin sandunan, da ya zo daidai sai ya ba injin wuta duka ya ɗaga hanci sama, ƙugiyar ta cafki igiyar, ƙyallen ya ɓare daga ƙasa. A wannan 'yan daƙiƙun jirgi yana kusa da ƙasa, gudunsa kaɗan ne, ga nauyi ya ƙaru masa farat ɗaya. In hankali ya rabu biyu a nan, sai dai a yi wa iyali ta'aziyya. Bayan nan kuma awoyi ne kana tafiya a hankali, injin na zafi, kana kusa da gudun da iska za ta daina ɗaukar fukafukai.

Saboda haka maganata biyu ce. Ta farko, duk gardamar da za ka yi, ka yi ta a ƙasa, kafin ka karɓa. Ka je ka ga ƙyallen da idonka, haruffan nan tsayinsu ƙafa biyar ne ko bakwai, makaho ne kawai zai ce bai gani ba. In ka karɓa ka tashi, to wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba ka da ikon jan sandar saki ka yar da ƙyalle a kan gidajen mutane don zuciyarka ta tashi a sama. Ta biyu, maganar direba kawai ban yarda da ita ba. Tun ranar farko aka koya mana cewa matuƙin da ke riƙe da ragama shi ne mai magana ta ƙarshe a kan jirginsa. Mutumin da ke bugun ƙirji da wannan in ana maganar hadari da mai, ba zai dawo ya ce shi ɗan aike ne ba in ana maganar abin da yake ja.

Barista Maman Nana: Baba Kyaftin, Allah ya ƙara girma, zan ɗan yi gyara ta fuskar doka kada ƙanenmu ya je ya dogara da abin da ba zai riƙe shi ba. Wannan ikon na matuƙi da ke cikin dokokin FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, a kan tafiyar da jirgi ne. In ya ce iska ta yi yawa ba zai tashi ba, yana da abin kafa hujja. In ya ce rubutun ne bai yi masa ba, wannan tsakaninsa da maigidansa ne, kuma a Florida kamar kusan duk jihohin Amurka ana iya sallamar ma'aikaci ba tare da an ba shi dalili ba, muddin ba don launinsa ko addininsa ko makamancin haka ba. Ita FAA takardar izini ta musamman take ba kamfani kafin ya ja ƙyalle, abin da ya dame ta kuwa tsaro ne, ba ruwanta da abin da aka rubuta.

Ɗaya ɓangaren kuma, 'yancin faɗin albarkacin baki da Amurkawa ke tutiya da shi gwamnati yake ɗaure wa hannu. Bai tilasta wa kamfani ko matuƙi ɗaukar saƙon kowa ba. A Birtaniya ma kotun ƙoli ta faɗi irin wannan a 2018 a shari'ar gidan burodin Ashers na Belfast, da suka ƙi rubuta saƙon goyon bayan auren jinsi a kan kek: ƙin saƙo daban, ƙin mutum saboda ko shi wane ne daban. To doka ta ce kana iya ja, kana iya ƙi. Ba ta yanke maka ba.

Kyaftin Mai Ritaya: Na karɓi gyara 'yata. Ni dama ba kotu nake nufi ba, mutunci nake nufi.

Alhaji Mai Injin Bugu: Ku bar ni in sa baki duk da ban taɓa shiga ko da jirgin Legas ba. Sana'ata buga fosta. Lokacin zaɓe kowace jam'iyya muna buga mata, da safe wannan da yamma abokin hamayyarsa, kuma ban taɓa jin na ci amanar kowa ba. Amma in aka kawo min takarda ana zagin uwar wani, ko ana kiran wata ƙabila da sunan dabba, sai in ce inji ya lalace. Duk mai sana'a yana da inda yake tsayawa, ko bai rubuta a bango ba. Kuma ni sunana ba ya kan fostar ma. Shi matuƙi fa?

Ɗan Zariya a Florida: Alhaji ka sosa min inda ke min ƙaiƙayi. Lambar jirgi tana jikinsa ɓaro ɓaro, kuma da manhajojin bin diddigin jirage kamar Flightradar24 yaro ma zai gano inda jirgi ya tashi cikin minti kaɗan. Wanda ya biya yana gida yana kallo a waya, kai ne za a samu a filin jirgi. Gobe kuma in ka je neman aiki a babban kamfani sai sun bincika sunanka a intanet.

Hajiya Zango Hamburg: Ai zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ƙanena ka kiyaye sunanka.

Sarkin Musu: Yanzu kun koma maganar tsoro. Tsoron asarar aiki ba hujja ba ce a kan daidai ko kuskure. Ni ga abin da ke damuna, kuma ina so a amsa min ba da karin magana ba. A gasar kofin duniya ta kurket a 2019, a filin Headingley da ke Leeds, ranar wasan Indiya da Sri Lanka jirgi ya bi ta sama da ƙyalle yana neman adalci ga Kashmir. Mako guda kafin nan, ranar wasan Pakistan da Afganistan, wani ya ja na neman adalci ga Balochistan. Indiyawa sun fusata da na farkon da na ambata, 'yan Pakistan sun fusata da ɗayan. Duka biyun rigima ne. Da matuƙan sun bi shawararku sun ce ba ma taɓa abin rigima, da wa ya yi asara? Marar ƙarfi, wanda ba shi da gidan talabijin. Kuma ku da kuke zaune a Turai kun fi ni sani, akwai Bature da yawa da in ya ga tuta da rubutun Larabci, ko da kalmar shahada ce irin ta tutar Saudiyya, gabansa faɗuwa yake. Ranar da aka ba kowane matuƙi damar zaɓe, mu za a fara ƙi. Gara a ce kowa a ɗauka, in dai doka ba ta hana ba.

Baban Ikram, Manchester: Wannan kam magana ce, ba zan ce ba ka da gaskiya a ciki ba.

Barista Maman Nana: Malam Sarki, damar zaɓen da kake tsoron a bayar ai tana nan tun tuni, babu wanda ya ƙwace ta. Kamfanoni suna ƙin ayyuka kullum, kuma masu saƙon Kashmir sun sami wanda ya ja musu. Abin da kake nema, a ce dole a ɗauki kowa, sai dai a yi sabuwar doka, kuma wannan dokar za ta tilasta wa ƙanenmu jan zanen ɓatanci ga addininsa ranar da wani ya biya. Ka yarda da wannan? Hanya ɗaya da na san hukuma ta bi ba tare da son kai ba ita ce ta Honolulu a Hawaii: sun hana tallan sama gaba ɗaya, na kowa da kowa. Wata ƙungiyar masu adawa da zubar da ciki da ke son jan manyan hotunan 'yan tayi a saman bakin teku ta kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar da haramcin a 2006, saboda bai ware wani saƙo ba. Amma ka ga a can aikin ne ya mutu baki ɗaya.

Sarkin Musu: Zanen ɓatanci kam ba zan yarda ba. Amma kin ga kenan kowa da nasa abin da ba ya taɓuwa. Wa zai ja layin?

Hajiya Zango Hamburg: Mu nan Jamus gwamnati ta ja nata. Sashe na 86a na dokar laifuka ya hana nuna alamar 'yan Nazi a bainar jama'a, ana iya ɗaure mutum har shekara uku, sai dai don koyarwa ko bincike ko fasaha. Matuƙin da ya ja wannan a saman Hamburg 'yan sanda ne za su tarbe shi. Amma a Amurka an yi fa. A 2014 wata ƙungiya da ake kira Raeliyawa, masu cewa wasu halittu daga sararin samaniya ne suka ƙagi ɗan Adam (Allah ya shirya), suka yi hayar jirgi ya ja alamar a saman bakin tekun New York, wajen Coney Island da Brighton Beach. Hujjarsu ita ce alamar tun dubban shekaru kafin Hitler ta alheri ce a wurin mabiya Hindu da Buddha da Jain, suna son wanke ta. Tarihin nasu gaskiya ne. To amma unguwar Brighton Beach cike take da Yahudawan da suka taso daga tsohuwar Tarayyar Sobiyet, cikinsu har da tsofaffin da aka kashe musu dangi a yaƙin duniya na biyu. Tsohuwa tana zaune da jikokinta a bakin ruwa ta ɗaga kai ta ga wannan. Wa zai sauko daga jirgi ya yi mata bayanin addinin Jain? Littafi in ba ka so ka rufe, talabijin ka canja tasha, sama kuwa ba ta da makunni. Shi ya sa nake ganin niyyar mai biya ba ta isa ba, sai an duba kan wa za a bi.

Ɗan Gunners: Hajiya yau kin zo da zafi. Ni dai Raeliyawan nan ne suka tsaya min a rai, ashe akwai waɗanda suka fi mu jiran abin da ba zai zo ba.

Admin: Ɗan Gunners a bar mutane su yi magana. Allah ya gafarta Malam Na Tudu, an ambace ka tun farko.

Malam Na Tudu: Bismillah. Ina karantawa, na bari ne masu sana'ar su gama. A fiƙihu wannan babin ijara ne, wato ƙwadago da haya, kuma sharaɗin ijara shi ne amfanin da ake biya dominsa ya zama halal. Asalin aikin, tuƙa jirgi da tallata haja, babu laifi. Abin da ake ja shi ke canja hukunci. Aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta yi umarni da taimakon juna a kan alheri da taƙawa, ta hana taimakon juna a kan zunubi da ƙetare iyaka. Hadisin giya kuma da ya lissafa waɗanda aka la'anta bai tsaya kan mai sha ba, ya haɗa da mai ɗaukarta da wanda aka ɗauko wa. Wannan ya rushe maganar ni ɗauka kawai na yi. Malamanmu na Malikiyya ma sun hana sayar da inabi ga wanda ka san matsa giya zai yi da shi, alhali inabi halal ne. Abin lura shi ne sani. Wanda aka ɓoye masa, ko alamar ba ta cikin abin da ya sani, hukuncinsa daban da wanda ya gani ya gane. Amma wanda ya ƙi dubawa da gangan don kada ya sani, wannan dabara ce, ba uzuri ba.

Alamar da aka san ana ɗaga ta don a ce wani jinsi ya fi wani, ko don a tsorata mutane, cutarwa ce, ba na ganin halascin karɓar lada a kanta. Kiran a yi wa wasu adalci, ko sukar gwamnati, ko da ba ka yarda da masu kiran ba, wannan wani abu ne daban. Allah ne mafi sani.

Sarkin Musu: Allah ya gafarta Malam, tunda ka kawo hadisin giya, bari in tambayi ƙanenmu abu ɗaya, kuma ya faɗi gaskiya. A bakin tekun Florida, ƙyallen giya da gidan rawa da caca nawa ne, na tutar Confederate nawa ne?

Ɗan Zariya a Florida: Kai Yaya Sarki, ka kama ni. Gaskiya na giya da gidan rawa sun fi yawa nesa ba kusa ba, musamman lokacin hutun ɗalibai. Na rigimar siyasa jefi jefi ne. Abin da nake yi shi ne musanya da abokan aiki, in ba su na giya in karɓi na inshora ko na lauyoyin haɗarin mota. Wani lokaci a samu, wani lokaci in rasa tashin ranar, awoyina su tsaya.

Sarkin Musu: Ka ji. Muna ta hayaniya a kan abin da zai zo sau ɗaya a shekara, alhali na kullum yana nan.

Malam Na Tudu: Tambayar tana da kyau, kuma amsar yaron ta fi ta kyau. Akwai maganar da aka ruwaito daga Imam Abu Hanifa cewa halal ne karɓar ladan ɗaukar wa wanda ba Musulmi ba giya, amma manyan almajiransa biyu sun saɓa masa, sauran mazhabobi ma haka. Kuma ɗauka daban, kira zuwa ga sha daban, talla kuwa kira ne. Ɗana, abin da kake yi na musanya shi ne daidai, Allah ya musanya maka da mafi alheri.

Baban Ikram, Manchester: Malam Sarki, ai wannan ta ƙara rusa maganarka ne. Yaron nan tuni yake zaɓe, abokansa sun sani, maigidansa ya sani, sama ba ta faɗo ba. In ana iya musanya ƙyallen giya, me zai hana a ƙi na Confederate?

Sarkin Musu: Saboda na giya addininsa ne ya hana shi, kowa ya gane. Tutar Confederate kuwa masu ita cewa suke tarihin kakanninsu ne.

Kyaftin Mai Ritaya: Tarihin me? Jihohin kudu da suka ɓalle aka yi yaƙi daga 1861 zuwa 1865, sun ɓalle ne don a bar su da bayinsu, wasu daga cikinsu sun rubuta haka a takardunsu na ɓallewa. Bayin nan daga ina aka kwaso su? Yawancinsu daga Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Yaron da ya harbe mutum tara baƙaƙen fata a coci a Charleston a Yunin 2015 da wannan tutar yake ɗaukar hoto, shi ya sa South Carolina ta sauke ta daga harabar majalisarta a watan Yuli na shekarar. Hukumar tseren motoci ta NASCAR ta hana ta ranar 10 ga Yuni 2020 bayan Bubba Wallace, baƙar fata ɗaya tilo da ke tsere cikakken lokaci a babban rukuninsu a lokacin, ya nemi haka. Ranar 21 ga watan sai ga jirgi a saman filin Talladega a Alabama yana jan ƙatuwar tutar, da rubutun a janye wa NASCAR kuɗi. Washegari aka yi na Burnley. An hana su shiga da ita ta ƙofa, suka bi ta sama, matuƙi ne ya zama tsaninsu. Kai yanzu kana so ɗan Zariya, baƙi wuluk irina, ya zauna a gaba yana jan wannan a baya?

Sarkin Musu: Baba Kyaftin ban ce shi ya ja ba. Cewa nake in Bature ya ja kada a ce ya yi laifi. Kuma har yanzu ina kan bakana, layin da kuke ja tsakanin wulaƙanta mutane da sukar gwamnati a rubuce ne yake da sauƙi. Ba'indiye zai ce maka ƙyallen Kashmir cin mutuncin ƙasarsa ne, kuma har zuciyarsa haka yake ji.

Hajiya Zango Hamburg: Zai ji haushi, amma ƙyallen bai ce shi ba mutum ba ne. Gwamnati ana sukarta ta gyara ko ta ƙi. Launin fata me mutum zai gyara?

Barista Maman Nana: Akwai wanda muka bari ya sulale a muhawarar nan, shi ne mai kamfani. Shi ke karɓar oda, shi ke ganin rubutun kwanaki kafin ranar, shi ke cin riba mafi tsoka. Matuƙin jan ƙyalle kuwa shi ne ƙaramin ma'aikaci, ga bashin makaranta, ga haɗari; a Maris 2019 ma wani ya rasu da jirginsa ya daki dogon gini a Fort Lauderdale. Bai kamata a bar wa mai ƙaramin ƙarfi nauyin cewa a'a shi kaɗai da safiyar aiki ba, injin na jira, mai oda na waya.

Ɗan Zariya a Florida: Anti Barista, to in mutum zai fara aiki da sabon kamfani, akwai abin da zai iya nema tun farko? Ko faɗin ma zai sa a ƙi ɗaukarsa?

Barista Maman Nana: Zai iya sa wa, ba zan ɓoye maka ba, masu neman awoyi suna da yawa. Amma ka tambaye su ko suna da rubutacciyar ƙa'ida kan irin saƙon da ba sa karɓa. Yadda suka amsa ma zai nuna maka irin gidan. Ka nemi a riƙa turo maka rubutun ƙyalle tun daren jajibiri, kuma a sa a takardar aiki, ko a saƙon imel da za ka adana, cewa kana iya musanya aiki ba tare da hukunci ba. Na giya da caca ka faɗe shi ƙarara a matsayin addini, domin dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta wajabta wa mai aiki ya sassauta wa ma'aikaci kan addininsa in hakan ba zai ɗora masa nauyi mai yawa ba. Sai dai wannan sashen kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye yake hawa, kuma kamfanonin jan ƙyalle da dama ƙanana ne. Ka ƙirga mutanen da ke wurin, har da masu haɗa haruffa a ƙasa, sannan ka ga lauyan ƙwadago na jihar kafin ka sa hannu.